Amin ɗin Sitti da Ƙanƙarar Zobo

Hanan da Rimas, 'ya'yan Baffa Sale, sun zo min jiya da fuskar manyan 'yan kasuwa, wai za su fara sana'ar ƙanƙara a gidansu. Na tambaye su abin da suka sani game da ita. Hanan ta ce ai ba wani abu ba ne, ruwa ne da sukari a leda, a jefa a firiza, a je a kwanta. Rimas ta ce ita ma ta gani a waya, cikin minti ɗaya matar ta gama har ta sha. Na dube su, na dubi hannuwana da suka tsufa a wannan aiki, na roƙi Allah haƙuri. Shekarata goma sha bakwai, takwas daga ciki a bakin firiza na yi su. Da ana ba masu ƙanƙara fansho, da yanzu ina kishingiɗe ina shan shayi ina ba da fatawa. Tunda ba a bayarwa, bari in rubuta muku, ku karanta kafin ku ɓata wa Baffa kafet.

Aikina na farko ƙulla leda ne, a hannun Hala Rabi, ƙanwar Ummi mahaifiyata, lokacin tana zaune da mu a unguwar Mansur kafin ta yi aure ta koma unguwar Ka'akiyya. Wata uku ban taɓa zobo ba. Ruwan famfo take ba ni in ɗura a leda in ƙulle, sai ta karɓa ta matse a saman kaina. Idan ƙullin ya riƙe, ta ce saura ɗari. Idan bai riƙe ba, na yi wanka. A watan farko babu yarinyar da ta kai ni tsafta a duk Makka. Ita ta koya min barin wurin yatsa biyu tsakanin ruwa da ƙulli, domin ƙanƙara tana kumbura kamar babanku bayan walima, ledar da aka cika fal kuwa fashewa take yi. Ita ta koya min cewa sanyi yana cinye zaƙi, saboda haka sukarin ƙanƙara ya fi na zobon sha yawa, amma in ya wuce gona ba za ta daskare ba, sai ta tsaya ruwa-ruwa tana kallon mutum. Tsakanin mai salam da mai ƙin daskarewa cokali ɗaya ne, kuma a kan wannan cokalin na sha ranƙwashin da har yau idan na taɓa kaina ina jin wurin.

Kala uku nake yi. Zobo da citta da kanumfari, shi ne na kowa. Tsamiya ta manya ce, masu cewa wai yaro za su saya wa alhali yaron yana makaranta. Sai kuka da madara, sarauniyar firiza, wadda ta fi kowacce farin jini kuma ta fi kowacce wulaƙanci, don in ta ji ɗumi na rabin yini ta yi tsami, warinta kuwa sai ya tashi maƙwabcin da ya yi ƙaura bara. Ana kwantar da ledojin a jere, ba a tara su tsibi, kuma bayan awa biyu a juya su, in ba haka ba zaƙin ya taru a gefe ɗaya, mai saye ya sha aljanna a farko ya ƙare da ruwan famfo.

Kayan aikina ba su da yawa: bokiti biyu, rariya, ludayi, mazurarin roba da ya karkace tun da Ummi ta bar shi kusa da wuta, sai ita uwar ɗakin, firiza. Tsohuwa ce mai murfi daga sama, ta girme ni, Abuya, wato babana, ya saye ta don naman layya. Robar bakinta ta saki, sai an ɗora mata turmin ƙarfe kafin ta rufu. A gindinta akwai wata 'yar kafa ta fitar ruwa da muke toshewa da tsumma. Tana zaune a barandar ciki, daidai ƙofar majalisi, wato ɗakin baƙin Abuya, kuma wanda ya yi wa gidanmu daɓe ya karkata shi zuwa majalisin, Allah ya gafarta masa. A cikin majalisin akwai kafet mai launin madara wanda Abuya ke so kamar ɗansa na fari. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka na san abin da nake faɗa. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku, kafa da daɓe da kafet, za su dawo.

Ta tagar kicin nake sayarwa, wadda ke kallon matakalar layinmu. Masu saye iri-iri ne. Akwai yaron da zai tsotse duk jan ya dawo min da farar ƙanƙara ya ce ba ta da daɗi a canja masa. Akwai wadda za ta sa in fito da guda bakwai tana latsawa kamar mai zaɓen kankana, ta ɗauki ta farko. Akwai leburorin gini da ba ma jin yaren juna, su nuna ja da yatsa, su ɗora a wuya kafin su sha. Duk na iya da su. Abin da ban iya da shi ba, wanda Hala Rabi ba ta koya min ba don a zamaninta bai faru ba, shi ne wuta.

Kun san layinmu, a jikin dutse yake, sama da titin Mansur, matakala ce tun daga ƙasa har ƙofarmu. Ruwan sama a Makka baƙo ne, amma in ya zo da fushi yake zuwa, matakalar nan ta koma kogi, akwatunan wuta kuwa a gindin bango suke. Saboda haka a shekarar da nake kira muguwar shekara, wato shekarar da ta wuce waccan, kamfanin wuta ya fara wata dabara: in masu duba sama sun ce ana sa ran ruwa mai ƙarfi, sai a yanke wa layuka irin namu wuta tun kafin ya sauko, don kada ta kama wani. Riga-kafi ke nan. Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Matsalarta ɗaya, ba a shawarci kuka da madara ba.

Narkewar farko ranar Laraba ce. Na tashi da asuba na haɗa kuka da madara bokiti guda, na ɗura, na jera, na tafi makaranta ina jin kaina kamar mai kamfani. Ashe ina fita aka ɗauke wuta. Ummi ta ce ta zaci ta minti goma ce, ta yi ta buɗe firizar tana dubawa ko ta dawo, kamar wutar a ciki take ɓuya. Sai bayan magariba aka maido ta. Ruwan da aka kare mu daga gare shi ya sauka ɗigo goma sha ɗaya, na ƙirga su a kan taga. Bokitin nan gaba ɗaya a kwata ya ƙare, kuliyoyin layinmu ma suka shinshina suka ba shi hanya.

Ta biyu ita ce ta taɓa kafet. Bayan kamar wata guda ne, na cika firiza da zobo sabon ɗuri. Aka ɗauke wuta tun safe. Ƙanƙarar da ta yi shekara tana manne a bangon firizar ta narke, ledoji biyu suka fashe a ciki, tsumman ya gaji da aikinsa ya fice, jan ruwa ya bi daɓe cikin natsuwa ya shige majalisi. Da na dawo na tarar da taswira a kan kafet, har da tsibirai. A ranar ko ɗigo ɗaya ba a yi ba, hadarin ya zo ya leƙa mu ya wuce Ɗa'ifa.

Abuya yana aiki a tashar motocin alhazai ta Kudai, duk yini yana raba faɗan direbobi, don haka in ya dawo gida ba ya ɗaga murya. Ya tsaya a ƙofar majalisi ya daɗe yana kallo. Na fara bayanin cewa laifin kamfani ne, ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai ga kamfani a barandarsa ba, firiza ya gani.

"Ya binti, sau biyu ke nan," ya ce. "Na uku, firizar nan Ka'akiyya za ta kwana. Halarki ta daɗe tana tambayarta. Halas."

In Abuya ya ce halas, wato magana ta ƙare, ko alƙali sai ya naɗe takardunsa. In firiza ta tafi, sana'a ta tafi, in koma 'yar makaranta zalla mai roƙon Ummi kafin ta sayi biro. Kafet ɗin kuma aka kai shi wanki, ya dawo da wani ɗan ruwan hoda-hoda a kusurwa, aka ɗora masa matashi.

Washegari ina ba Rawan labari, 'yar ajinmu da ke zaune a wani bene a Kudai, sai ta dube ni kamar na fito daga kogo. Ta ce ai ba a yanke irin wannan wuta sai an turo saƙo tun kwana biyu kafin ranar, babanta yana samu duk lokacin da za a taɓa tasu. Ta ce akwai ma wata hukuma a saman kamfanin, aikinta ke nan ta sa masa ido, in ya yanke bai sanar ba a kai ƙara wurinta ta hukunta shi. Na ji kamar an ba ni takobi. Kwana biyu. Da na san da yankewa kwana biyu kafin ta zo, ko jahannama aka buɗe a baranda ƙanƙarata ba za ta narke ba.

Na fara da tattara shaidu, gida gida. Malam Buba tela ya ce shi saƙon da yake samu kawai na masu ɗinki ne suna zaginsa, kuma ranar yankewa ta biyu kayan biki ne a kan kekensa. Hajiya Ladi, mai ciwon sukari da ke ajiye allurarta a firij, ta ce ta yini tana naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma tana fifita ta kamar jaririya. Mai tsiren bakin titi ya ce namansa ya canja kala ya canja ra'ayi. Babu wanda ya ga saƙo. Sai daga baya na gane dalili: kusan duk layinmu 'yan haya ne, mitocinsu da sunan masu gidajen suke, masu gidajen kuwa suna Jidda. Wato kamfani yana sanar da wani bawan Allah da ke zaune a gaban na'urar sanyi a bakin teku cewa jibi za a yanke wa Hajiya Ladi wuta, shi kuma ya karanta ya ce ma sha Allah ya juya kwanciya. Wasu maƙwabtan da na ce zan rubuta sunansu a ƙorafi suka riƙe min hannu, suka ce in rufa musu asiri, su da ba su da takardar zama ba sa son sunansu ya shiga kowane ofis, ko da ofishin raba alawa ne.

Amma mu gidanmu namu ne, kakana ya gina shi. Mu ba mu da wani mai gida a Jidda. Na duba wayar Abuya, babu saƙo. Ta Ummi, babu. Na ce to yau kamfani ya gamu da ni. Abuya ya ba ni wayarsa ya ce in yi duk ƙarar da nake so, hukuncinsa dai yana nan. Na rubuta wa kamfani ƙorafi da Larabcin da malamar nahawu za ta yi kuka in ta gani, don daɗi. Suka amsa da layi ɗaya, wai an sanar da mai mita. Na ce ƙarya ne, na ɗaukaka ƙara zuwa hukumar. Na saka hoton kafet. Na saka hoton bokiti. Da ana saka wari a waya da na saka.

Ranar wata Litinin bayan azahar, Abuya ya dawo cin abinci, wayarsa ta yi ƙara. Ma'aikacin hukumar ne. Na sa a buɗe murya kowa ya ji, don ina son a shaida nasarata. Muna zaune a falo, ni da Abuya da Ummi, sai Sitti, kakata ta wajen uba, tana gefe a kan dardumarta da carbi. Sitti ta zo Makka daga Kano tana amarya, ta yi shekara hamsin da wani abu a nan, Larabcin kasuwa ta iya shi daidai na ciniki da faɗa, amma karatu na allo ne da Alƙur'ani, kuma idonta ya yi rauni.

Mutumin yana da ladabi ƙwarai, irin ladabin wanda ya riga ya san ƙarshen magana. Ya ce sun bincika, sun nemi kamfani ya kawo hujja, kamfani ya kawo. Sau biyu an yanke, sau biyu an tura saƙo a kan lokaci zuwa lambar mai mita. Ya tambaya ko mai mitar yana kusa a ba shi waya. Ya karanto sunan. Sunan kakana ne, Alhaji, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce.

Abuya ya ajiye cokali. Shi dai ya san yana biyan wuta ta banki duk wata da lambar mita, bai taɓa tunanin sunan wa ke kai ba. Sitti ce ta amsa daga kan darduma, da Hausa, ta ce a gaya wa yaron nan Alhaji ba ya kusa, amma wayarsa tana nan.

Ta miƙe ta shiga ɗaki, muna jin ƙarar akwatin ƙarfenta, ta fito da wani abu a naɗe cikin hular kakana. Tsohuwar wayarsa ce, 'yar ƙarama mai maɓallai. Ashe duk shekarun nan tana sa mata caji a soket ɗin bayan gadonta, kuma duk bayan 'yan watanni tana aiken Baffa Sale, babanku, ya sa mata kati don kada layin ya mutu, shi kuma bai taɓa tambayar dalili ba, kun san shi da tambaya. Ta ce babu mai kiran wayar yanzu, abokan Alhaji duk sun bi shi. Saƙonni dai suna shigowa. Masu lambobi da yawa ba ta kula su. Amma akwai wasu bayin Allah da ba ta san su ba, lokaci lokaci suna turo wa Alhaji addu'a.

Na karɓi wayar na buɗe. Saƙon kamfani ne, baƙi a kan fari. Ya fara da "hifazan ala salamatikum", wato don kiyaye lafiyarku, sannan ya ce za a yi yankewa ta "wiƙa'i", ta riga-kafi, rana kaza daga ƙarfe kaza. Sitti da idonta da karatunta na allo ta tsinci kalmomin da ta sani tun tana yarinya: hifzu, tsari ke nan, salama, aminci, wiƙaya, kariya, irin wadda ake roƙo daga wuta. Ta ma ga kalmar da ta yi mata kama da haske. Sauran ƙananan rubutun ta bar wa masu ido. A ƙarƙashin kowane saƙo kuwa, da haruffan da ta lalubo ɗaya bayan ɗaya a kan maɓallai, ta mayar da amsa.

Amin.

Na farko, amin. Na biyu, ranar da aka yanka kafet, amin. Ummi ta toshe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. Abuya ya juya yana kallon bango kamar an rubuta wani abu a jiki. Ma'aikacin yana kan layi yana cewa alo, alo, sai na fassara masa abin da ya faru. Ya yi wani tari mai tsawo da ban yarda tari ba ne. Da ya farfaɗo ya ce Allah ya ji ƙan mamaci, ya ƙara wa Hajiya lafiya, amma a ƙa'ida kamfani ya sauke nauyinsa, an sanar da mai mita, za a rufe ƙorafi. Na ce masa mai mitar yana maƙabarta. Ya ce ƙa'ida ba ta ce a sanar da mai rai ba, ta ce a sanar da mai mita. Na tambaye shi 'yan hayar layinmu fa, da saƙonsu ke tafiya Jidda? Ya ce wannan magana ce mai muhimmanci, in rubuto ta a matsayin shawara. Na rubuta. Ina jin tana nan ana kiyaye lafiyarta.

Kafin ya ajiye ya ba da shawarar a sauya sunan da ke kan mita, ko aƙalla lambar waya. Abuya ya fassara wa Sitti. Ta karɓe wayar daga hannuna ta mayar cikin hula.

"Ba mai cire sunan Alhaji daga gidan da ya gina ina raye," ta ce. "In na mutu ku sa sunan firiza."

Abuya mai raba faɗan direbobi arba'in ya ce to, Sitti. Ni kuwa na ga firizata ta kama hanyar Ka'akiyya. Na matsa kusa da ita na ce ta bar ni in ƙara duba addu'o'in, ko akwai wadda ba ta amsa ba. Ta ce duk ta amsa, har ta jiya.

Ta jiya.

Na buɗe. Saƙo na uku, ya shigo ranar Lahadi da hantsi, da amin ɗinsa a ƙasa. Za a yanke ranar Talata daga ƙarfe bakwai na safe. Gobe ke nan. A kicin kuwa na riga na jiƙa kuka bokiti guda, madara tana jira.

Yanzu ku saurara, domin nan ne sana'ar take, ba a minti ɗayan da kuka gani a waya ba. Kukar nan ban ɗura ta ba, na dama ta na raba wa maƙwabta suka sha da yamma. Na kwashe duk abin da ke cikin firiza, na kankare ƙanƙarar bango da ludayi har ta koma kamar sabuwa, don wannan ƙanƙarar ce ke zama kogi. Na wanke duk wata robar ruwa da ke gidan, na cika su, na bar musu wurin yatsa biyu, na jera su a ƙasa da gefe su daskare su zama bango. Ledojin da suka riga suka yi tauri na tara su a tsakiya, manne da juna, don ƙanƙara da ƙanƙara suna riƙe wa juna sanyi. Na juya maɓallin sanyi har ƙarshe. Kafar gindi na cire mata tsumma na toshe da murfin kwalba da leda, na ajiye faranti mai zurfi a ƙasa, na kuma yi shinge da tsofaffin tawul a ƙofar majalisi. Sannan na bi layi kafin magariba ina buga ƙofofi. Malam Buba ya ce zai ƙarasa ɗinkin da ke hannunsa a ranar. Mai tsire ya fasa sayo naman gobe. Hajiya Ladi na ce ta kawo allurarta da safe, zan ba ta robar ƙanƙara biyu da 'yar kular ajiye sanyi, ta naɗe kwalbar da tawul kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

Da safe, bakwai saura, na zare filogi da hannuna, na lulluɓe firizar da barguna uku har da na Abuya na zuwa Ɗa'ifa, na ɗaure da igiyar shanya, na ɗora turmi. Na rubuta takarda da Hausa da Larabci na manna: duk wanda ya buɗe, Allah yana gani. Na yi wa Ummi kallo na musamman. Bakwai daidai fanka ta tsaya.

Wannan karon ruwan ya zo. Bayan azahar sama ta yi baƙi, aka sako mu daga makaranta da wuri, na iso gida da ƙyar. Matakalarmu ta zama kogin gaske, yana tafe da takalma da kwanduna da kujerar wani. Daga tagar kicin ina ganin akwatin wutar da ke gindin bangon Malam Buba, ruwa ya shanye shi har wuya, ga yara biyu suna tsalle a cikin ruwan daf da shi, uwarsu tana ƙwala musu kira. Daga ranar ban sake ƙirga ɗigo ba.

Sai da aka yi sallar magariba wuta ta dawo. Abuya ya shigo a jiƙe, bai cire safa ba, ya wuce kai tsaye majalisi ya taka kafet kusurwa kusurwa, har ƙarƙashin matashin. Ya fito ya tsaya a kaina ina kwance igiya. Na ɗaga murfi, na ɗauko tsamiya guda, na ƙwanƙwasa ta a bakin firiza, ta yi ƙara kamar dutse. Farantin ƙasa a bushe. Ya karɓa, ya ciji kusurwar ledar, ya tsotsa.

"Sukari ya ɗan yi yawa," ya ce, ya shige ɗaki da ita.

Ba a sake ambaton Ka'akiyya ba. Hala Rabi ta sayi tata firizar, ƙarama, ba ta kai tawa ba.

Wayar tana nan a hular, sunan Alhaji yana nan a mita. Yarjejeniyarmu da Sitti ita ce, duk lokacin da addu'a ta shigo, ta kira ni in karanta mata da ƙarfi, wai don ladan ya ƙaru. Ni kuma in na gama in bi layi in sanar. Yanzu duk unguwar ta san cewa hukuma tana sa wa kamfani ido, kamfani yana sanar da kakana, kakana yana sanar da Sitti, Sitti tana sanar da ni, ni nake sanar da masu rai. Tsari ne mai kyau, ban ga abin gyarawa ba.

Na taɓa gwada yi mata bayani a hankali cewa saƙon nan ba addu'a ba ne, sanarwar yanke wuta ce. Ta saurare ni har na gama, tana jan carbi. Sannan ta tambaye ni me suka ce suna nema a farkon saƙon. Na ce kiyaye lafiyarmu. Ta tambaya ranar ruwan nan wuta ta kama wani a layin? Na ce a'a. Yaran nan biyu fa? Na ce lafiyarsu ƙalau.

"To," ta ce, "an karɓa ke nan. Miƙo min wayar, ban amsa ta yau ba."

Saboda haka Hanan, Rimas, kafin ku sayi leda ko guda ɗaya, ku je ku tambayi Baffa sunan wa ke kan mitarku, kuma wa ke cewa amin.